Daga NCE zuwa digiri: abin da na gani a neman DE, da inda nake ganin ba a kyauta wa malamai ba

Duk malamin firamare mai NCE, wato satifiket ɗin malanta na kwalejin ilimi, da ka gani a garin nan na Kaduna, in ka ɗan ja shi da hira sai maganar digiri ta fito. Ba wai son a ce wane ya yi jami'a ba ne, lissafin rayuwa ne kawai. Mai NCE a mataki na 7 ake ɗaukarsa aiki, mai digiri a na 8, kuma akwai inda mai NCE zai hau ya tsaya cak komai daɗewarsa, yana ji yana gani yaron da ya koyar a aji huɗu ya dawo da digiri ya zama ogansa. Shi ya sa ni ma bayan na ɗan kwana biyu ina koyarwa a wata firamaren gwamnati a Rigasa na ce bari in nemi DE, wato shiga jami'a kai tsaye da NCE ɗina, in ƙarasa. Na samu alhamdulillahi, amma abin da na gani a hanya har yau yana ci mini rai, saboda waɗanda muka fara nema tare da yawa ba su kai ba, kuma ba don na fi su iya koyarwa ba wallahi.

Lokacin da na nema, a takarda sharuɗɗan ba su da wani rikici. Ka gama NCE ɗinka ta shekara uku, a ƙalla ka samu merit a darussan da ka karanta, ka sayi fom ɗin DE na JAMB, sannan ka kawo kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, kuma kada su wuce zaman jarabawa biyu. In an ɗauke ka sai ka fara daga aji biyu. Shikenan. Wanda bai shiga ciki ba zai ce to ina matsalar?

Matsalar tana wajen kiredit biyar ɗin nan. Ni Hausa da Social Studies na karanta, sakamakona na NCE mai kyau ne, tichin faraktis ma ban samu matsala ba. Amma a WAEC ɗina Lissafi D7 ne, bai kai kiredit ba. Lokacin da zan shiga kwaleji babu wanda ya ce min wannan D7 ɗin za ta tare min hanya nan gaba, ta Pre-NCE, wato ajin share fage, na shiga, na yi shekara guda aka ce na cancanta, na wuce, na gama, aka ba ni satifiket, gwamnati ta ɗauke ni ta damƙa min aji cike da yara. Duk wannan D7 ɗin ba ta hana ba. Sai ranar da na ce ina so in ƙaro ilimi don in ƙara iya aikin da nake yi, sai aka jawo takardar da na rubuta ina ɗan saurayi aka ce ita ce alƙali. Abin da na kasa ganewa kenan, tsarin da ya buɗe maka ƙofar farko da hannunsa shi ne ya rufe ta biyu, kuma da dalilin da ya riga ya sani tun ranar farko.

Haka na koma na yi rajistar NECO ta 'yan waje, ina tashi daga makaranta in wuce lesin, har Allah ya sa na samu kiredit ɗin. Nawa ma da sauƙi tunda darasi ɗaya ne, WAEC da NECO sun zama zama biyu an wuce wajen. Akwai wata malama a makarantarmu, ta girme ni sosai, ita ce ma ta nuna min yadda ake cika rajistar aji da rubuta lesin not lokacin da na zo sabo. Ita 'yan aji ɗaya take koyarwa sama da shekara goma, kuma duk wanda ya san firamare ya san babu aji mai wuya kamar wannan, yara sun fi ƙarfin benci, wasu ko riƙe fensir ba su iya ba, amma kafin zango na uku za ka ji suna haɗa baƙi da wasali suna karantawa. Kiredit ɗinta biyar sun cika har da Turanci da Lissafi, sai dai a zama uku ta tara su, saboda aure da haihuwa sun ratsa tsakani. A wajen tantancewa aka dawo mata da fayil. Da ta dawo take ce min, "Malam, ka ga ni fa ba faɗuwa na yi ba, kowanne na ci, cewa suka yi ban ci su a tare ba." Na ce "Hajiya sai haƙuri, a sake zama," amma ni kaina na san abin da nake faɗa ba ƙarami ba ne, don sake zama a wajenta yana nufin ta koma ta haɗa darussa da yawa a jarabawa guda, ga yara a gida ga aji ga albashin da kowa ya san yadda yake.

Kuma a nan ne wani abu yake faruwa da ba a cika son faɗa ba. Kowa a garin nan ya san akwai santocin da ake biyan kuɗi a rubuta wa mutum amsa a allo. To wanda yake da kuɗi kuma bai damu da halal da haram ba, zama ɗaya zai fito da kiredit tara, fayil ɗinsa ya wuce sumul babu mai tambaya. Wadda ta ƙi bin wannan hanyar ta tara nata da guminta a hankali, ita ce ake korowa. Sharaɗin da aka kafa don a tace masu ƙoƙari sai ya koma yana tace masu gaskiya. Ni wannan ya fi komai ƙona min rai a duk lamarin.

Bayan kiredit sai maganar lambar JAMB. Da yawa cikinmu da muka shiga kwaleji ta Pre-NCE ko fat-taim ba mu san cewa dole sunanmu ya kasance a rajistar JAMB ba, makaranta ta ba ka admishin ka biya kuɗi ka fara lakca, kai dai ka ɗauka komai ya kammala. Tun da aka kawo tsarin CAPS, wato shafin da JAMB take bayar da admishin ta cikinsa, a 2017 duk admishin da bai bi ta can ba ba a san da shi ba. Ni sai da na zo cika fom ɗin DE aka tambaye ni tsohuwar lambata sannan na gane kwalejin da na yi ba ta taɓa tura sunayen 'yan ajinmu ba, aka shiga zirga-zirgar daidaitawa, takarda daga nan sa hannu daga can, kowanne da kuɗinsa. Laifin na makaranta, wahalar ta ɗalibi. Don haka duk wanda yake NCE yanzu don Allah ya je kafe ya duba ko sunansa yana cikin jerin JAMB tun yana aji ɗaya, kada ya bari sai ya gama. Haka suna, tun 2021 sai da NIN ake rajista, in a WAEC kana Muhammad a NCE kana Mohammed a NIN kuma an sa sunan kakanka a gaba, to ka fara gyara tun yanzu, don harafi ɗaya yana iya cinye maka shekara. Tiranskirif ma a nema da wuri, a bi shi da ƙafa har a tabbatar ya isa. Sannan a tabbatar an ɗora sakamakon sakandare a CAPS, a riƙa leƙawa kuma, don in admishin ya fito sai ka danna ka karɓa da kanka.

Wani abin da na koya shi ne haɗin darussa. Abin da ka haɗa a NCE shi zai yanke maka kwas ɗin da za ka iya nema, ba abin da ranka yake so ba. Yara da yawa duk haɗin da aka ba su karɓa suke yi don dai a shiga, sai daga baya su tarar jami'o'in da ke kusa ba sa yin kwas ɗin da ya dace da shi.

Ko ka cika komai ma ba shikenan ba, don kujerun DE kaɗan ne, mafi yawa na masu UTME ne, wato waɗanda suka rubuta jarabawar JAMB za su fara daga aji ɗaya. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ni ba na cikin masu zagin wannan rabon, yaron da ya yi karatu a ƙauyen Birnin Gwari ko Giwa inda malamin Lissafi ɗaya babu, ba adalci ba ne a ce ya yi tsere da ɗan makarantar kuɗi ta Unguwar Rimi a kan layi ɗaya. Inda nake da ja shi ne takardar asalin ƙaramar hukuma da ake dubawa a gane ɗan wane yanki ne mutum. Kaduna gari ne na taron jama'a, akwai wanda a Tudun Wada aka haife shi aka haifi babansa, yaran Kaduna yake koyarwa, amma takardarsa ta wata jiha ce da ko hanyar garin bai sani ba. In ana maganar malamai ai inda mutum yake koyarwa ya kamata a duba, don yaran wajen ne za su ci amfanin digirin.

Na san me masu kare sharuɗɗan za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su tuna mana 2017, lokacin gwamna Nasir El-Rufai, da aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawar 'yan aji huɗu aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba aka sallame su. Za su ce a jihar da aka ga haka ne kake so a sassauta? Kuma za su ƙara da cewa malamin firamare komai yake koyarwa, ko Hausa ka karanta wata rana kai za ka shiga ka koyar da raba lamba, to ya za a yi a yafe maka Lissafi? Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Ni ma ba na so ɗana ya faɗa hannun malamin da bai iya kasafi ba. Amma abin da 2017 ta nuna min shi ne takarda ba ta faɗin gaskiyar abin da ke kan mutum, don waɗanda aka sallama ai da takardunsu aka ɗauke su. To in haka ne ƙara ɗaure wa takarda gindi ba shi ne magani ba, a gwada mutumin da kansa.

Ni ba sassauci nake nema ba, a auna abin da ya dace nake nema. A NCE akwai kwasa-kwasan GSE da kowa yake yi dole, a ciki akwai Turanci akwai Lissafi na gama-gari, mun zauna mun rubuta mun ci, me ya sa wannan ba zai tsaya a madadin kiredit ɗin sakandare ba ga wanda zai karanta Hausa ko Larabci ko Tarihi? In an ce ba a yarda da ingancin GSE ɗin ba, to hukumar NCCE ce take sa ido a kan kwalejojin tun 1989, sai a gyara can, ba a hukunta ɗalibi ba. Ga kuma jarabawar TRCN da malami yake rubutawa kafin ya samu lasisi, ga makin tichin faraktis, ga shekarun da mutum ya yi a gaban allo, duk babu wanda ake ba ko maki ɗaya a wajen tantancewa. In har yanzu ana shakka a shirya jarabawar shiga ta musamman ga masu NCE, Turanci da Lissafi irin wanda malami yake buƙata da darasin da mutum ya karanta, a zauna a gaban kwamfuta kowa ya nuna abin da ya iya. Wallahi malamar nan da na ba ku labari za ta ci, kuma da yawa daga masu kiredit tara na santa ba za su ci ba.

Za a ce ai akwai wasu hanyoyin, kuma gaskiya ne akwai. Ga LVT da ake yi a ABU Zariya lokacin dogon hutu, ga NTI da hedkwatarta take nan kan hanyar Zariya tun 1976 tana horar da malamai daga nesa, ga NOUN, jami'ar karatu daga gida. Mutane da yawa ta nan suka samu digirinsu kuma sun taimaka sosai, musamman ga wanda ba zai samu hutun ƙaro karatu ba. Amma su ma suna da nasu sharaɗin kiredit ɗin, kuma karatun fat-taim daga aljihunka yake fita kacokan, kuɗin makaranta da na mota da na handawut da wajen kwana in hutu ya zo, ga malamin da wata ba ya kai masa ƙarshe sai da bashin mai shago.

Abin da nake sa wa ido yanzu shi ne dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar su riƙa bayar da NCE da digiri da kansu ba sai sun jingina da wata jami'a ba. In kwaleji ɗaya ce za ta ɗauke ka NCE kuma ita ce za ta ba ka digiri, to babu sauran uzurin a ce ba a san ingancin abin da ka karanta ba, tunda lakcarorinta ne suka koyar da kai suka yi makin. Ina so tun ranar rajistar NCE a faɗa wa yaro a rubuce cewa da wannan sakamakon naka za ka iya wucewa digiri ko ba za ka iya ba, in akwai gyara ya yi shi yana kwaleji ƙwaƙwalwarsa da ɗumi. Sannan tsofaffin malamai da suke cikin aji tun kafin dokar a ware musu gurabe nasu, a karɓi zama uku daga wanda ya yi shekaru yana koyarwa in ya ci jarabawar shiga, kuma SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, da ƙungiyar malamai ta NUT su shiga maganar, don su ne suke da sunayen malaman da shekarun aikin kowa.