Zagayen Duwatsun Riruwai a kan Keke

Tun da aka haifi babban ɗanmu, ni da Malam ba mu taɓa yin tafiyar da babu goyo ko jakar kayan yara a cikinta ba. Da hutun makaranta ya zo, hunturu ya fara leƙowa, sai muka kai yaran wajen Inna. Ta dube mu, ta dubi kekunan da ke ɗaure a saman mota, ta ce, "Malam, matar taka ma hawa za ta yi?" Ya ce, "Inna, ai tun tana firamare take hawa." Ta sa mana albarka, ta ce mu kula da hanya.

Daga Tudun Wada muka ratsa dajin Falgore da rana tsaka, domin ba a son dare ya riski matafiyi a nan. A Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, muka sauke kekuna, muka je muka gaida mai gari muka faɗa masa nufinmu. Ya haɗa mu da wani saurayi ɗan gari da ya san ƙafar hanya. Kowa da jakar goyonsa: bargo, gidan sauro, tocila, garin kwaki, ƙuliƙuli, famfo da kayan faci.

Malam darasin labarin ƙasa yake koyarwa, kuma ya daɗe yana ce min Riruwai tsohon dutse ne mai aman wuta. Jinsa kawai nake yi, har sai da muka tura kekuna zuwa kan wani tudu, numfashi na fita da ƙyar, na ga duwatsun sun yi kewaye kamar bakin akushi. Ya ce sama da shekara miliyan 150 da suka wuce wuta ta yi ta amai a nan, da cikin ya zama fanko sai saman ya rufta. Narkakken dutsen da bai fito ba ya daskare a ƙarƙashi, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe shi har ya bayyana. Ya ɗauko tsakuwa biyu ya sa min a tafi. Ɗaya sumul take, ba a ganin ƙwayarta, wadda ta huce da sauri a sarari. Ɗayar mai manyan ƙwayoyi, fari da ja-ja da baƙi mai ƙyalli, wadda ta huce a hankali can ƙasa. Ya ce duwatsun Jos da na Dutse a Jigawa danginsu ɗaya, layin ya taso tun daga Azbin a Nijar.

Hanyar ba ta wasa ba ce. Wani wuri burji, wani wuri yashi mai riƙe taya, wani wuri falalen dutse da sai an sauka an ja. Gangara ta fi hawa ban tsoro, don tsakuwa tana kwashe tayar baya idan aka matse birki da ƙarfi. Na ɗaure hijabina a ƙugu, da wando a ƙarƙashin doguwar riga, kada kaca ta kama. A ƙauyuka yara suka yi ta bin mu da gudu, mata suna leƙowa ta kan danga. Wata dattijuwa ta tsayar da ni ta ba ni ruwa a moɗa, ta tambayi ina 'ya'yana. Da na ce suna wajen kakarsu, sai ta ce, "Madalla, 'yar nan, uwa ma tana bukatar shan iska."

A bakin wani rafi muka tarar da masu wankin kuza. Mace ta ɗebo yashi a ƙwarya, ta nutsa cikin ruwa tana jujjuyawa, farin yashin yana zubewa ta gefe, har baƙin gari mai nauyi ya kwanta a gindi. Tafin hannunta duk ya tsattsage saboda sanyin ruwa. Abin da ta tara tun safe bai cika gwangwanin madara ba. Malam ya ce wutar nan ta dā ita ta bar kuza a jijiyoyin dutsen, kuma da farashinta ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanonin haƙa suka durƙushe, aikin ya koma hannun talakawa. Abin ya tsaya min a rai, ganin arziki a ƙarƙashin ƙafar mutane amma wahalarsa ce rabonsu.

Da daddare a gidan mai unguwa muke sauka, ni cikin gida wajen mata, shi a soro. Da rana kuwa hanya tamu ce. Mun yi hirar da muka shekara muna yanke ta saboda kukan yaro: maganar gonar gado, karatun babbar 'yarmu, da burina na komawa makaranta. Duk inda waya ta kama, sai mun kira Inna.

Ƙaya ta huda tayar Malam a gonar rake, muka yi faci a inuwa, mai gonar ya sare mana kara biyu. Muka shigo Riruwai ta ɗaya ɓangaren ana kiran la'asar, muka yi sallah, muka nufi tasha neman motar Tudun Wada.