Daddawata ta kama a karo na huɗu

'Yan uwa masu koyon daddawa ku taya ni murna, yau dai Allah ya yi. Da asuba na ɗaga buhun, warin nan mai hawa kai ya buge ni har idona ya kawo ruwa, na sa yatsa na dangwala sai ga ta tana yauƙi tana jan zare, ta yi duhu ta yi laushi. Wallahi zama na yi a kujerar tsuguno ina ta kallonta.

Masu bibiyata sun san ɗan gidan abincin da nake yi a ƙauyenmu, hanyar Mampong in an fita Kumasi. Tun bara na ɗau alkawari abin da gonar bayan gida da ta maƙwabta suka bayar shi zan ɗora a wuta, ayoyo da kuɓewa da yakuwa lokacin ruwa, hunturu ya shigo mu koma busasshiyar kuɓewa, masarar tuwo zafi kuma daga Ejura. Dunƙulen magi ne ya rage min kuma shi nake so in fitar daga tukunyata. Kalwa kam dole ta arewa, ɗorawa itacen fili ce ba ta son dajin Asante, to a kasuwar Aboabo nake saye wajen matan da ake kawo musu daga Tamale.

Karon farko laifina ne, ban dafa ta sosai ba ɓawon ya ƙi fita, wannan a bar shi. Na biyu da na uku su suka ƙona min rai, don komai na yi daidai, dahuwar kwana guda cur, na surfa da toka, na wanke har ruwa ya fita fes, na sake dafawa da 'yar kanwa, amma in na buɗe sai tsami kamar koko ya kwana, ga fumfuna fari-fari a gefe, ƙwayar kuma da tauri. Kalwa olonka 3, wato gwangwanin awo na kasuwa, kowane karo, ga gawayi rabin buhu yana tafiya, da na yi lissafi ya haura sidi 400 duk a bola. Ranar ta uku kuka na yi, ba wasa.

Na ɗauka kalwar ce tsohuwa, na canja mai sayarwa. Na ce ko ruwan rijiyarmu ne, na ɗebo na famfo. Ashe duk ba nan take ba. Wata Hajiya 'yar Bawku da ke tsayawa cin tuwo ranar kasuwa na ba ta labari, ta ce in nuna mata inda nake ajiyewa, tana ganin farantin a kan siminti ta kama baki. Ta ce ɗiyata ai daddawa zazzaɓi take so, ke kuwa fifita kike mata. Ni da ma in na tsame sai in baza ta ta huce wai kar ta lalace, sannan in rufe, ga sanyin Agusta na Kumasi da rana ke wuni ba ta leƙo ba. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi ma ya ce hakane, ƙwayar bakteriyar nan Bacillus da ke ruɓar da ita ɗumi take so, warin kuma na amoniya ne, in ta yi sanyi sai masu kawo tsami su riga ta.

Wannan karon da tururinta na juye cikin kwando mai zurfi da na shimfiɗa wa ganyen ayaba, na tara ta wuri ɗaya ban baza ba, na naɗe da buhu 2 da tsohon bargo na tura bayan murhu kan katako. Kwana 3 ban buɗe ba, kuma wannan shi ya fi min wuya. Dare na biyu na ɗora hannu a kan bargon na ji ɗumi yana fitowa daga ciki bayan wuta ta daɗe da mutuwa.

Na kirɓa na cura, na ɗan gutsura na sa a miyar ayoyon yau ba magi ko ɗaya, wani direban trotro, motar haya, ya nemi ƙarin miya sau biyu.

Yanzu saura shanya, ga ruwan Satumba ya dawo, jiya sau 3 ina kwashe kaya a tsakar gida. Na rataye curin a raga saman murhu amma ina tsoron hayaƙi ya danne ƙamshin. Wadda ta taɓa busar da tata a hayaƙi don Allah kwana nawa ta yi, kuma da wane itace?