Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Bayan Sadakar Arba'in

A satin da ya wuce na tsaya a inda aka yi wa yaron sutura a maƙabartar Yantala, can Yamai, muka kamo hanyar Tawa da jakar kayansa kawai. Masu tambayata dalilin da ya sa ban rubuta sunansa ba, ku yi haƙuri, ɗan fari ne. Ya rasu yana da shekara bakwai, bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, kuma ba yau zan fara ba.

Wannan kunyar ce ta kusa kashe ni a zaman makoki. Kakarsa, uwar mijina, wadda kullum take ce masa "angona", ita aka bari ta yi kuka son ranta. Ni kuwa uwar ɗan fari, sai in ja lulluɓi in zauna a kan tabarma, mata su shigo, "Ya haƙuri?" in amsa, "Da godiya." "Allah ya sa mai ceto ne." "Amin." Daga safe har magariba. In hawaye ya taho sai in miƙe kamar zan duba tukunya.

Ranar sadakar bakwai wata dattijuwa daga dangin babansa ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ai ciwon daji ba ya son allura. Da an bar shi gida an yi na gargajiya, da yanzu yana nan." Ba wadda ta tanka mata, wasu ma kai suka gyaɗa. Na haɗiye, amma maganar ta tsaya mini a maƙoshi fiye da mutuwar kanta, don na san mata talatin ne za su koma gidajensu da ita.

Abin da lokotoron Yamai ya faɗa mana daban ne. Ciwon sunansa Burkitt, sunan likitan da ya fara bayaninsa a Uganda a 1958. Ya fi kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yana yawan farawa a muƙamuƙi ko a ciki, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu kumburin kan iya ninkawa. Shi ya sa namu aka ce haƙori ne, aka dawo aka ce hangum ne, kafin a ankara haƙoransa sun fara girgiɗi, ido ya turo. Abin takaicin, yana cikin cututtukan dajin da suka fi jin magani, shimiyo, wato allurar maganin daji, na narkar da shi in an zo da wuri. Allurar ba ta yi laifin komai ba, lokaci ne ya ƙure.

Shi Malam, baban yara, nasa haƙurin shiru ne. Dillalin albasa ne, mutumin da in yana ciniki ana jin muryarsa daga bakin tasha, amma ya koma sai a yi sallama sau biyu bai ji ba. Ya sayar da sa, ya jinginar da garka a kan jinyar nan, bai taɓa ambaton ko dala ba. Takardun likita, da ordinansi da hotunan ekogarafi, ya zuba su a leda ya cusa ƙarƙashin katifa. Ba ya karanta Faransanci, ni ce malamar lakwal, amma sai in farka tsakar dare in tarar da shi da cocila yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Watanni muna ɗaki ɗaya ba mu yi zancen yaron ba. Kowa na tsoron ya fama wa ɗan'uwansa ciwo.

Malamar islamiyyarmu ce ta kwance mini ɗaurin. Ta ce lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, idanunsa sun zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Daren nan na yi kuka a gaban Malam, shi ma ya yi.

Bayan arba'in da ɗan lokaci, ana gab da shiga damina, ya shigo da sauri ko takalmi bai cire ba. "Ke, zo ki ga ɗiyar makwabcinmu." Yarinya ce ƴar shekara biyu. Da rana ba ka ganin komai, amma da ya haska mata fitila sai tsakiyar idonta na hagu ya yi fari yana ƙyalli kamar idon kyanwa. Mun ga irinsu a ɗakin jinya a Yamai, mun san ciwon dajin ido ne ke farawa haka. Uwarta ta ce hakiya ce, ana sa mata kwalli.

Malam ya samu uban a ƙofar masallaci. "Malam, don girman Allah ka kai ɗiyar nan Yamai gobe." Mutumin ya ce ga shuka ta zo, ga shi ba ya da ko kuɗin mota. Gaskiya ya faɗa. Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, ta Ƙwanni da Dogon Dutse da Doso, kuma ba zuwa ɗaya ba ne, shimiyo zagaye-zagaye ake yinta, a sallame ka ka dawo bayan ƴan makonni. Da yawa a nan suke yankewa: yaro ya ɗan samu sauƙi, aljihu ya ƙare, gona na jira. Malam ya shiga ɗaki ya ƙirgo jikkunan da suka rage masa ya damƙa masa, ni kuma na rubuta takarda da Faransanci, na bayyana abin da muka gani.

An cire idon. Sai da aka kai ruwa rana, kakarta ta rantse ba za a mayar mata da jika mai ido ɗaya ba, wa zai aure ta? Ni aka kira a salula na yi magana da ita, ban kuma yi mata ta da daɗi ba. Na ce, "Inna, ni da za a ba ni nawa da ido ɗaya, da na karɓa da hannu biyu." Yarinyar yanzu tana aji biyu.

Daga nan muka kafa adashi, mu mata na unguwa, kwasa ɗaya a ware ta don kuɗin motar duk yaron da aka tura Yamai. Na kuma fara neman sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta ba sa kai kashi 30. A 2018 ta sa burin a kai kashi 60 nan da 2030. Ni a ganina, muddin ma'aikacin likitar ƙauye bai san kumburin muƙamuƙi ko farin ido na iya zama daji ba, burin nan a takarda zai tsaya. Kuma maganin kyauta da aka tanadar wa yara a Nijar tun 2006 na ƴan ƙasa da shekara biyar ne. Namu mai bakwai bai shiga ciki ba, ire-irensa kuma suna da yawa.

Ranar 15 ga Fabrairu, ranar tunawa da yara masu ciwon daji ta duniya, wani gidan rediyo na garinmu ya ba mu fili. Uwar mijina ta aiko a ce mini abin kunya ne uwar ɗan fari ta hau iska tana zancen ɗanta, in na je kada in ƙara taka gidanta. Malam ne ya ɗauke ni a kan babur ya kai ni har ƙofa. Yadda aka kwashe da ita, da matar da ta bugo waya daga Abalak tana kuka, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.