Abin da aikin fom ya koya mini game da kulle fayil

A ofishinmu ni ke haɗa fom ɗin da masu neman gurbin horo suke cikawa, kuma ni ake nema duk lokacin da wani ya ce fayil ya ƙi buɗuwa ko ya ƙi karɓar rubutu. Umarnin da ke zuwa daga sama kusan kullum ɗaya ne: "Malam, ka kulle shi kada kowa ya taɓa." To amma fom ai don a taɓa shi aka yi shi. Shi ya sa kafin in danna komai nakan fara tambayar kaina wa zai karanta, wa zai cika, wa kuma zai ga abin da aka cika. Waɗannan mutane daban-daban ne, kuma izinin da ya dace da wannan bai dace da wancan ba.

Fayil ɗin PDF yana karɓar kalmar sirri iri biyu. Ta farko ita ce ta buɗewa, wadda in babu ita ba a ganin ko harafi ɗaya, domin abin da ke ciki a rikiɗe yake. Ta biyu ita ce ta izini. Da ita ake cewa a buga a takarda ko kada a buga, a kwafi rubutu ko kada a kwafa, a cika gurabe kawai ko a yi gyara gaba ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarfinsu ɗaya, alhali ko kusa. Fayil ɗin da aka sa wa kalmar izini kaɗai yana buɗuwa a hannun kowa, ke nan kowace manhaja tana iya kaiwa ga abin da ke cikinsa. Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, a 2008 kuma ya zama ƙa'idar duniya ƙarƙashin hukumar ISO, kuma ƙa'idar da kanta ta bar wa manhajar da ke buɗe fayil alhakin mutunta takunkumin. Acrobat, manhajar Adobe ta buɗe PDF, yana mutuntawa, wasu manhajojin kuwa ko a jikinsu. Daidai yake da "Ba a shiga" da ake rubutawa a ƙofar zaure: mai kunya zai tsaya ya yi sallama, amma rubutun ba ya tare ɓarawo. Ga kuma waya a aljihun kowa, wadda ke ɗaukar hoton allo ba tare da neman iznin kowa ba.

Irin wannan ruɗin ne ke sa mutum ya zana baƙin akwati a kan suna ko lambar asusu ya ce ya ɓoye su. Rubutun yana nan a ƙasa. A watan Janairun 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump a Amurka, sun miƙa wa kotu takarda da aka rufe wasu layukanta da baƙi, 'yan jarida suka kwafi wurin suka liƙa a wani shafi, komai ya bayyana. Idan manyan lauyoyi sun faɗa wannan ramin, ina ga akawu da ke sauri ya tashi aiki? Abin da ba a son a gani, goge shi ake yi daga fayil ɗin baki ɗaya.

Wanda tsananin kullewa ke cutarwa shi ne mai gaskiya. Ka zaɓi cewa ba a yarda da wani canji ba, sai gurabe su mutu, mai nema ya danna ya danna ba abin da ya shiga. Daga nan ya nufi shagon kwamfuta ya biya kuɗin bugawa, ya cika da biro, ya ɗauki hoto da waya ya turo ta WhatsApp a karkace, sannan wani a ofis ya zauna yana sake shigar da bayanan ɗaya bayan ɗaya yana cankar ko wannan bakwai ce ko ɗaya. Idan kuma ka hana bugawa a fom ɗin da ke buƙatar hatimin mai unguwa ko na ƙaramar hukuma, to a ina za a buga hatimin? Akwai wani ɗan akwati a ƙasan zaɓuɓɓukan Acrobat da ke ba manhajar karanta wa makafi damar kaiwa ga rubutu. Wannan ban taɓa yarda a cire shi ba, ko da an hana kwafa.

Gwaji kuwa a waya ake yinsa, ba a kwamfutar ofis kaɗai ba, tunda da waya yawancin masu nema suke cikawa. Akwai tsofaffin fom ɗin PDF na wani tsari da ake kira XFA da ke aiki lafiya a Acrobat, amma a Chrome da yawancin manhajojin waya sai su nuna shafi ɗaya kawai mai cewa a jira. Mutum zai yi ta jira har datarsa ta ƙare.

Da na fahimci cewa abin da maigidana ke tsoro shi ne wani ya sauya suna ko adadin kuɗi a takardar ofis, sai na daina dogara da kalmar izini a kan irin waɗannan takardu. Sa hannu na lantarki mai takardar shaida ya fi dacewa. Ba ya hana a taɓa fayil, amma da an taɓa zai nuna cewa an yi canji bayan sa hannun.

Inda izini yake da haƙora na gaske shi ne fayil ɗin da ke zaune a intanet, irin na Google Drive. A nan fayil ɗin ba a hannun mutum yake ba, don haka in ka cire sunansa, ƙofa ta rufu. Matsayi uku ne: mai kallo, mai sharhi, mai gyara. Sai dai a nan ma aka fi yin ɓarna, saboda zaɓin nan na "duk mai mahaɗi (wato link ɗin fayil ɗin)" yana da sauƙi ƙwarai. Mahaɗin da aka tura wa mutum uku da safe, kafin la'asar yana cikin zaurukan WhatsApp da ba ka san da su ba. In da matsayin mai gyara aka sake shi, kowa na iya share layi ko ya ƙara sunan ƙaninsa.

Fom ɗin Google ma yana da nasa tarkon. Mahaɗin cikawa daban, na gyara tambayoyi daban, jadawalin amsoshi kuma da nasa izinin. Akwai zaɓin da in aka kunna shi, duk wanda ya gama cikawa zai iya ganin taƙaitattun amsoshin sauran mutane. A fom ɗin da ake karɓar lambar NIN, lambar waya da lambar asusun banki, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a watan Yunin 2023, wadda ta ɗora wa mai karɓar bayanai nauyin tsare su. Haka zaɓin taƙaita amsa ɗaya ga kowane mutum. Yana da kyau a ido, amma yana tilasta shiga da asusun Google, kuma mutane da dama da asusun mai shagon kwamfuta ake cika musu. Na farko ya wuce, na biyu a ce masa ya riga ya cika. Na gwammace in bar shi a buɗe in tace maimaici da lambar waya daga baya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wa ya mallaki fom ɗin. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ya haɗa shi da asusunsa na kansa saboda shi ya fi iya kwamfuta. Shekara ta cika, ya koma garinsu, bayanan ɗaruruwan mutane suka bi shi, ofis kuma sai roƙo ta waya. Yanzu duk fom da asusun ofis muke buɗe shi, kuma ranar da ma'aikaci ya ajiye makullin ɗakinsa ranar ake cire sunansa daga fayiloli. Takardar da dole sai an sa mata kalmar buɗewa, ta imel muke tura fayil ɗin, kalmar kuma a faɗa wa mutum ta waya. Muna kuma ajiye kwafin asali marar kulle a wurin da mutum biyu kaɗai ke iya shiga, domin fayil ɗin da aka rufe da tsarin rikiɗar da rubutu mai ƙarfi da ake kira AES-256 da doguwar kalma, in aka manta kalmar, ko Adobe ba za su buɗe maka shi ba.