Iskar radon da ɗakunan da muke tushewa lokacin ɗari

Jama'a akwai wata iska da ake ce ma radon, ba ta da launi ba ta da wari, daga ƙasa take fitowa idan uraniyom ɗin da ke cikin ƙasa da duwatsu yana ruɓewa a hankali. Mu 'yan Nijar da mun ji uraniyom sai hankalinmu ya tafi Arlit da Akokan, alhali kaɗan-kaɗan ɗinshi yana cikin ƙasa ko'ina a duniya, har ƙarƙashin gidajenmu nan Maradi. A fili iska na watsa ta ba ta da wani tasiri, matsalar sai ta biyo tsagar daɓe ko gindin bango ko inda tiyo ya shigo ta taru cikin ɗaki rufaffe.

To ku dubi yadda muke yi da hunturu, a tushe taga da tsumma da kwali, a saki labule mai kauri a ja ƙofa, yara na kwance bisa tabarma daidai tsagar siminti har gari ya waye, haka ma biro-biro masu kilim da mangaza da ake wuni ciki ba a buɗe ko taga ɗaya. Wannan ne yake damuna wallahi.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce radon ne ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu gwargwadon ƙasa, bayan taba shi ne babba, kuma mai shan sigari haɗarinshi ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. Radon ba ya sa tari yau ko gobe, sai bayan shekaru.

Ba a ganewa sai da awo, gidanka da na maƙwabcinka ma suna iya bambanta sosai. Wani ɗan kwanko ne ƙarami ake ajiyewa a ɗakin kwana ya yi kamar wata 3 sannan a aika laboratuwar, in awon ya wuce bekarel 100 (ma'aunin yawan radon ke nan) a kubik mita ɗaya na iska hukumar ta ce a ɗauki mataki, kada dai ya haura 300.

Ni a ganina masu ma'aikatu ya kamata su fara awon nan don su ke da hali. Mu kuma dan Allah a like tsagar daɓe, a buɗe tagogi kullum da safe ko da sanyi, mai shan taba ya fita waje, magina su dinga barin taga biyu masu kallon juna.