Inda na kai a gyaran tsofaffin alƙaluman tawada

'Yan uwa masu koyon wannan aiki, barkanmu da war haka. Alƙalamin da nake fama da shi yanzu irin mai 'yar sandar ƙarfe a gefe ne, wadda ake ɗagawa ta matse robar ciki, in an sake ta robar ta zuƙi tawada. Walter Sheaffer na Amurka ne ya yi rajistar wannan dabara a 1908. Robar da na tarar ta bushe ƙamas, taɓa ta ke da wuya ta farfashe. Na ɗumama mahaɗar gangar alƙalamin da wurin riƙo kaɗan-kaɗan da na'urar busar da gashi har ta saki, na kankare ragowar, na manna sabuwa da shelak, wani irin danƙo, na barbaɗa mata hoda marar ƙamshi don ta shige gangar ba gardama. Wannan bai ci lokaci ba.

Inda aikin yake shi ne magudanar tawada, baƙin abin nan da ke kwance a ƙarƙashin bakin alƙalami. Na cika shi, ya yi layi biyu lafiya lau, sai ya ɗauke, can kuma ya zubo ɗigo guda a kan takarda. Da yawanmu in mun ga haka baki muke zargi, mu ɗauko abin gugar ƙarfe. Don Allah ku dakata. Ɗan ƙwallon da ke tsinin baki ƙarfe ne mai tauri da aka liƙa, in kun cinye shi ba ya dawowa.

Ku kifa kwalbar ruwa ku gani: ruwan ba ya fita sai iska ta samu hanyar shiga, shi ya sa yake fitowa da ɓulɓul. Haka cikin alƙalami yake. Magudana tana da tsagu siraran gaske masu jan tawada zuwa baki, da wata hanya mai ɗan faɗi da iska ke bi ta koma ciki. Haƙoran da ke jikinta kuwa suna riƙe rarar tawada ne idan ɗumin hannu ya kumbura iskar ciki ta turo ta. Tsohuwar tawada ta toshe ɗaya daga cikinsu, to ma'aunin ya ɓaci.

A nan masu ƙirƙira suka daɗe suna tuntuɓe. Tun ƙarni na 10 Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa halifan Faɗimiyya Al-Mu'izz ya nemi a ƙera masa alƙalami mai riƙe tawadarsa wanda ba zai ɓata hannu ko tufafi ba. Petrache Poenaru, ɗan Romaniya, ya samu rajistar nasa a Faransa a 1827. Ma'ajiyar tawada kowa ya iya yi, sarrafa fitarta ce ta gagara, har Lewis Waterman, mai sana'ar inshora a New York, ya yi rajistar magudana mai siraran tsagu a 1884. A ganina shi ya sa sunansa ya fi na sauran zama.

Ita kanta magudanar da roba mai tauri aka yi ta, wato ebonait. Asalinta binciken Charles Goodyear ne na dafa roba da farar wuta, wanda ya yi wa rajista a 1844, kuma daga irin wannan robar aka riƙa yin matajin kai da maɓallan riga. Tawada tana bin jikinta fiye da filastik, amma ruwan zafi da hasken rana suna kashe mata launi ta koma ruwan ƙasa. Ruwan sanyi kawai, a bar ta ta kwana a ciki.

Wanda ya yi makaranta da irin wannan alƙalami ya san shuɗin yatsa da tabon aljihun riga, da yaron da zai yarfa nasa don ya kawo, sai ya fesa wa na gabansa a baya. Masu rubutu da hagu su suka fi shan wuya, hannu na bin rubutu yana shafewa. Muna cewa alƙalami ne marar kyau. Sau da yawa tawadar ce ta yi ƙasa, iska ta yi yawa a ciki, tafin hannu ya ɗumama ta. Ba mamaki biro ya kore shi daga aji. László Bíró, ɗan jarida a Hungari, ya lura tawadar buga jarida tana saurin bushewa, shi da ɗan uwansa György mai ilimin sinadarai suka haɗa ta da ƙwallo mai juyawa, aka yi rajista a 1938. Biron Bic Cristal ya fito a 1950, amma sai 1965 makarantun Faransa suka halatta biro.

Bayan jiƙon, na bi tsagun da siririn fallen tagulla, na wanke da tsohon burushin haƙori. Yanzu yana cika shafi bai ɗauke ba. Saura 'yar tazara tsakanin baki da magudana, don takarda tana shiga tsakaninsu, alhali bai kamata ba. Ebonait yana laushi da ɗumi har a danna shi ya kama baki, sai dai zan fara gwadawa a kan wata fasasshiyar magudana da na ajiye. Wanda ya taɓa yi a cikinku ya faɗa mana iya ɗumin da ya yi amfani da shi.