Talata: kyamara biyu, suna ɗaya

Tun safe maganar Malam Sani ke yi mini yawo a kai. Yana tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Ki haɗa hotunan gonar na bara da na bana, ki fitar mana da taswira mu ga ko takin ya yi aiki. Ai duk RedEdge-MX ce." Kyamarar da muke ɗaura wa jirgi mara matuƙi don ɗaukar hoton gona yake nufi.

Na ce, "Malam, wadda aka ɗauki na bara da ita ta aro ce, ba tamu ba." Ya ce to mene ne a ciki, tunda kamfani ɗaya ne, suna ɗaya, jiki ɗaya?

Ta wani ɓangaren yana da gaskiya. Kowacce idanu biyar gare ta, kowane hoto 1280 da 960 ne, idan jirgin ya tashi mita 120 ɗigon hoto ɗaya na cin kusan santimita 8 a ƙasa. Kowane ido da zangon hasken da yake kamawa: shuɗi na kan nanomita 475, kore 560, ja 668, gefen ja 717. Wanda ya ajiye su kan tebur ba zai ce ga wannan ga waccan ba. Da RedEdge-P ce, wani samfurin kamfanin, da ba a yi musu ba, domin ita hoto shida take saukewa a kowace ɗauka, girmansu ma daban.

Sai da ya fita na buɗe bayanan da ke binne cikin fayilolin, inda kyamarar ke rubuta tsakiyar kowane zangon haske da faɗinsa. Lambar ta aron da RX01 ta fara, tamu da RX02. MicaSense, kamfanin da ke ƙera su, ta sauya matatan haske tsakanin rukunin biyu. A ta farko, zangon da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, yana kan 840 da faɗin nanomita 40. A tamu 842 ne, faɗinsa 57. Ja ya tashi daga faɗin 10 zuwa 14, gefen ja daga 10 zuwa 12.

Na yi murna da na gano, har na kira Hadiza ta zo ta gani. Murnar ba ta daɗe ba.

Gefen ja shi ne ya fi damuna. A daidai wurin ne hasken da ganye ke mayarwa yake hawa da sauri, daga ja da koren ganye ke shanyewa zuwa wanda yake watsowa da yawa. Tagar da aka faɗaɗa ko kaɗan a irin wannan gangare za ta iya motsa sakamakon awon. Na yarda bambancin ƙarami ne. To amma canjin da muke nema tsakanin bara da bana shi ma ba babba ba ne. Idan NDRE, ma'aunin lafiyar shuka da ake lissafawa da gefen ja da zangon da ke gaba da ja, ta ɗan ɗaga, wa zai rantse cewa takin ne ba matatar ba? Farantin daidaita haske, wanda ake ɗaukar hotonsa kafin tashi, yana gyara sauyin rana da gajimare, ba ya mayar da matata biyu su zama ɗaya. Kuma da wannan taswirar manomin zai yanke shawarar abin da zai zuba badi.

Da rana iska ta hana tashi. Hadiza ta yi cajin batura. 

Da yamma na tura wa Malam saƙo cewa zan fitar da taswirar kowace shekara daban, in rubuta lambar kyamarar a ƙasanta, kuma a sake aro mana waccan mu tashe su kan fili ɗaya a sa'a ɗaya, mu auna tazarar da ke tsakaninsu. Ya amsa da "Za mu yi magana." Na san ranar Alhamis yake son rahoton, shi ya sa na fara shirya taswirar bara tun daren nan.